Maganar Ƙwari: Abin da Manomi Ya Kamata Ya Ji Kafin Ya Ɗauki Famfon Feshi

 Gaisuwa ga mutanen Malanville da kewaye, na Gene da Garu da Madekali da Karimama, da 'yan'uwanmu na ƙetaren gada a Gaya, har zuwa Kamba da Lolo idan muryarmu tana isa can. Masu aikin shinkafa a fadama, masu ban-ruwan albasa, masunta a bakin Kwara, iyaye mata da ke bakin murhu, Allah ya ba da sa'a.

Yau kan ƙwari za mu yi magana. Na san da an ambaci ƙwaro, abin da ke fara zuwa ran manomi shi ne famfon feshi da kwalbar magani. Don Allah a ɗan jingine famfon tukuna. Waɗannan ƙananan halittu suna magana da junansu. Suna yi da wari, suna yi da sauti, suna yi da launin jiki, wasu ma da rawa. Suna kiran juna zuwa abinci, suna gargaɗin juna idan maƙiyi ya taso, kuma kowanne da makamin da Allah ya hore masa. Manomin da ya san wannan magana zai bambance abokinsa da maƙiyinsa a cikin gona, kuma kuɗin da yake zubawa a kan magani zai ragu.

Mu fara da surin gara, tunda babu wanda bai san shi ba. Idan ka ɓantare gefen suri da fartanya, ka sunkuya ka kasa kunne, za ka ji wani sauti ƙas-ƙas-ƙas yana tashi daga ciki. Manyan nan masu jan kai da ake kira zago, su ne sojojin gidan, kuma su ne ke buga kawunansu da ƙasa. Ba su da ido. Amma bugun yana jijjiga ƙasa, na kusa ya ji ta ƙafafunsa, shi ma ya buga, na gaba da shi ya karɓa, kamar yadda labarin tashin farashi ke bin kasuwar Malanville daga rumfa zuwa rumfa. Masana da suka auna abin a Afirka ta Kudu sun ga saƙon yana cin fiye da mita ɗaya a cikin daƙiƙa ɗaya. Da jin sa, ma'aikata su nutsa can ƙasa, sojoji su fito bakin ɓarakar da baki buɗe. Kafin wani lokaci ma'aikatan sun dawo da jiƙaƙƙen yumɓu suna liƙe wurin, wani sa'in har su rufe da sojojin a waje.

Wa suke jin tsoro haka? Akwai dabgi mai haƙa da dare. Akwai kuma wasu manyan baƙaƙen tururuwa masu harbi, waɗanda ba su da wani abinci sai gara. Ɗaya ce ke fita leƙen asiri. Idan ta gano inda gara ke kiwo, sai ta koma gida tana shafa wari a ƙasa, sannan ta jawo ɗaruruwan 'yan'uwanta su bi sawun warin a jere. Wani masani Bajamushe mai suna Erik Frank ya bi waɗannan tururuwa a gandun dajin Komowe da ke arewacin Kodebuwa, kuma abin da ya bayyana a 2017 da 2018 ya ba duniya mamaki. Idan zago ya cire wa tururuwa ƙafa a wurin faɗa, sai ta fitar da wani wari daga wajen muƙamuƙinta, wato neman agaji. 'Yan'uwanta su zo su ɗauke ta su kai gida, su dinga lasar raunin. Cikin waɗanda aka hana wa wannan jinya, takwas cikin goma sun mutu a kwana ɗaya. Cikin waɗanda aka yi wa, ɗaya ce kawai cikin goma ta mutu. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da tururuwa jinya.

Sai ƙudan zuma, wanda Alƙur'ani mai girma ya ware sura guda da sunansa. Idan ma'aikaciya ta gano itacen da ya yi fure, ta koma amya, yaya take gaya wa saura inda yake, alhali cikin amya duhu ne? Rawa take yi a jikin saƙa. Takan miƙe a guje tana kaɗa gindi, ta zagayo, ta sake miƙewa. Idan ta miƙe sama sak, abincin yana ta wajen da rana take. Idan ta karkata dama ko hagu, gwargwadon karkatar, gwargwadon yadda za a kauce wa rana ke nan. Daɗewar kaɗa gindin kuwa ita ce nisan tafiyar. Saura suna biye da ita suna taɓa ta da 'yan ƙahonninsu, suna kuma sansanar ƙamshin furen a jikinta. Karl von Frisch, mutumin Ostiriya, shi ya warware wannan, har aka ba shi kyautar Nobel a 1973.

Ga wani abu da masu ɗibar zuma suka sani a jikinsu. Idan ɗaya ta harbe ka, nan da nan saura suke yo ca a daidai wurin. Dalili shi ne ƙarin da ta bari a fatarka yana fitar da wani wari mai kama da na nunanniyar ayaba, ma'anarsa a wurinsu: ga maƙiyi nan. Shi ya sa ake so a kankare ƙarin da farce nan take, a bar wurin. Hayaƙi kuwa yana dushe wannan wari ne, saƙon ya kasa isa. Hayaƙi kaɗan na busasshen kashin shanu ya wadatar. Cinna wa amya wuta da dare, a ƙone gida ɗungurungum saboda zumar rana ɗaya, ɓarna ce tsagwaronta, domin waɗannan ƙudaje su ne ke ɗaukar garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan. Mai kankana, mai kabewa, mai barin albasa ta yi iri, duk suna cin moriyarsu.

Ƙwarin dare kuwa sauti ne nasu. Gyare yana goga fiffikensa ɗaya a kan ɗaya don kiran mace, kunnuwansa kuma a ƙafafun gaba suke. Wasu malam-buɗe-littafin dare suna jin kukan jemage wanda kunnen mutum ba ya ji, da sun ji sai su saki jiki su faɗo ƙasa, jemage ya wuce a banza.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda ƙwari ke sadarwa da kare kansu. Yanzu mu shigo gona.

Mafi ƙarfin maganar ƙwari ita ce ta wari. Macen malam-buɗe-littafin dare takan zauna wuri ɗaya ta saki wani ƙamshi da hancinmu ba ya kamawa, iska ta ɗauka, namiji ya biyo shi daga nesa. A 1959 wani Bajamushe, Adolf Butenandt, ya tace wannan sinadari a karon farko, bayan ya tara matan ƙwaron siliki wajen dubu 500. Yau ana haɗa irinsa a masana'anta, a sa a cikin tarko, maza su zo neman mace su maƙale.

Ina amfanin wannan a wurinmu? Kun tuna tsutsar nan da ta afka wa masara a 2016. Daga nahiyar Amurka ta zo, kuma masanan cibiyar IITA da ke kusa da Kwatano suna cikin waɗanda suka fara tabbatar da shigowarta Afirka. Uwarta da dare take yawo, ba a ganinta. Tarkon ƙamshi shi ke gaya wa malamin gona cewa ta sauka a yanki, tun kafin ɓarna ta bayyana. Ita tsutsar dabararta ɓuya ce. Da rana takan shige can cikin zuciyar masara, ta rufe kanta da kashinta mai kama da dusa. Wanda ya yi feshi da tsakar rana a saman ganye, ganyen ya wanke, tsutsar tana ciki lafiya lau.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ita kanta masarar tana kiran agaji. A 1990 Ted Turlings da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa idan yawun tsutsa ya taɓa raunin ganye, masara tana sakin wani ƙamshi na daban. Wasu ƙananan dangin zanzaro, waɗanda ba su kai ƙwayar shinkafa ba, suna jin ƙamshin su zo, su yi ƙwai a jikin tsutsar, 'ya'yansu su cinye ta. Maƙwabtanmu na Maradi sun mayar da irin wannan ƙwaro abokin aiki. Masanan cibiyar INRAN suna kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro, su zuba shi a 'yan ƙananan buhunan algarara, a rataye a ƙauyuka lokacin da gero ke fidda kai, ya bazu gonaki yana kashe tsutsar zangarniya da ake kira murzuna. Wannan ɗan ƙwaro ba ya harbin mutum. Amma feshi ɗaya na maganin da ba ya zaɓe yana gamawa da shi kafin ya gama da tsutsar, domin shi a fili yake yawo, ita kuwa tana ɓoye.

Masu lambun mangwaro, ga taku. Waɗanda suka taɓa hawa mangwaro a wajajen Paraku sun san jajayen tururuwan nan masu cizo, masu ɗinke ganye su yi gida a saman itace. Ɗinkin ma abin kallo ne: wasu su jawo bakin ganye biyu su riƙe, wasu su ɗauko jariransu a baki suna gogawa nan da can, zaren da ke fita daga bakin jariran ya haɗe ganyen. Masu lambu da yawa ƙone su suke yi saboda cizo. To, tun wajen 2004 wani baƙon ƙuda daga Asiya ya shigo Benin, yana huda mangwaro ya yi ƙwai, 'ya'yan itacen su ruɓe da tsutsa. Binciken da aka yi a lambunan Borgu, aka buga a 2007, ya nuna itatuwan da ke da tururuwan nan da yawa sun fi tsira nesa ba kusa ba. Daga baya aka gano ba sai ma tururuwar ta kama ƙudan ba. Warin sawunta da ta bari a jikin mangwaro kaɗai ya isa ƙudan ya sauka, ya sansana, ya tashi. Mai lambun da ya ƙone gidan tururuwan nan ya kori mai gadin da ba ya karɓar albashi. Toka a hannu da ƙafa lokacin tsinka tana rage cizon.

Akwai kuma masu magana da launi. Iyayenmu mata masu suyar fara, ku ne shaida: ana soya fara iri-iri, a barbaɗa yaji a kai kasuwa, amma ba a soya farar tunfafiya. Dubi yadda take, rawaya shar da zane-zane, tana zaune a kan ganye ba ta ko gudu. Ta ci tunfafiya ta tara dafin ruwan nonon nan a jikinta, dafin da ke taɓa zuciya, idan an matsa mata kuma ta tsarto shi. Launinta sanarwa ce ga tsuntsu da ƙadangare. Haka malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro da baƙin gefe da ɗigon fari, wanda tsutsarsa ke girma a kan tunfafiya: tsuntsun da ya ci ɗaya ya yi amai, ba ya ƙarawa. Har akwai wani iri dabam da ba shi da dafi ko kaɗan, amma macensa ta ɗauko kamannin wancan sak, tana tsira da aron riga.

Hangara kuwa, mai sauka a kan furen gero da kuɓewa, idan an murƙushe ta a jiki takan fitar da ruwa daga gaɓoɓin ƙafafunta, fata ta tashi bororo. Yara, idan ta sauka muku a wuya kada ku mare ta, ku hure ta ko ku kaɗe ta da tsinke, in ruwan ya taɓa ku a wanke da sabulu. Ita ma ba a rasa ta da amfani ba, don 'ya'yan wasu irinta a cikin ƙasa ƙwan fara suke ci.

Tunda mun zo kan fara, bari mu daɗe kaɗan. Farar dango da ke rufe rana, asalinta ba mai son taro ba ce. A hamada ɗai-ɗai take zama, tana gudun 'yan'uwanta. Sai an yi ruwa ta hayayyafa, ciyawa ta fara bushewa, duka su matsu a ɗan koren da ya rage. Masana a jami'ar Oxford ta Ingila sun gano cewa gogayyar cinyoyin baya, wannan na taɓa wancan, ita ke juya mata hali a cikin 'yan sa'o'i. Ta koma son taro, 'ya'yanta su fito da launin rawaya da baƙi. Hukumar FAO ta ce dango mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da fara wajen miliyan 40, kuma a yini yana cin abin da mutum 35,000 za su ci. Mutanen Nijar ba su manta 2004 ba, da yunwar da ta biyo a 2005.

A nan garin namu yana da tarihi da ya kamata mu sani. A 1989 aka kafa wani shiri mai suna LUBILOSA don neman maganin fara wanda ba guba ba. Aka sami wata funfuna a jikin matacciyar fara kusa da Yamai, aka raine ta a cibiyar IITA, aka gauraya ƙurarta da mai. A shekarun 1990 fadamun Malanville suna cikin wuraren da aka gwada ta, a kan farar nan mai cin shinkafa da dawa a bakin kogi. Funfunar tana tsirowa ta huda fatar fara ta kashe ta, ba ta taɓa zuma, ba ta taɓa tsuntsu, kifi ko mutum. Ita ce aka fitar kasuwa da sunan Green Muscle. Aibinta ɗaya a idon manomi: ba ta kashewa nan take, sai bayan mako ɗaya zuwa uku. Wani ɓangare na jinkirin kuwa daga farar ne. A Nijar an lura cewa farar da ta kamu takan hau wuri mai zafi ta shanya kanta a rana, ta ɗaga zafin jikinta sama da yadda ta saba, don ta hana funfunar girma. Zazzaɓi take sa wa kanta da gangan. Duk da haka, a ganina, maganin da zai ɗauki kwana goma ya bar maka kifinka da zumarka ya fi wanda zai zubar da komai a yini ɗaya.

Na ƙarshe shi ne sauro, wanda ya fi kowane ƙwaro cutar da mu a bakin kogin nan. Kukan da yake mana a kunne kaɗawar fiffike ce, kuma da ita namiji ke gane mace idan sun yi cincirindo da magariba. Macen ce ke cizo, tana gano mu ta numfashinmu da warin jikinmu, musamman na ƙafa. Cibiyar binciken ƙwari ta Kwatano, CREC, ta gina ɗakunan gwaji a nan Malanville. A sakamakon da aka buga a 2007, gidan sauro mai magani ya kashe 98 cikin 100 na sauron da ya shiga ɗaki a Malanville, amma a unguwar Ladji ta Kwatano 30 kawai ya kashe. Sauron can ya riga ya saba da maganin. Yadda abin ke faruwa shi ne, duk feshin da aka yi, raunana ne ke mutuwa, 'yan kaɗan masu juriya su rage, su haifi masu juriya. Bayan 'yan shekaru aka fara ganin alamar wannan juriya a sauron Malanville ma. Masu bincike da dama suna danganta ta da magungunan da muke zubawa a gonaki, waɗanda ruwa ke wankewa zuwa kududdufan da sauro ke ƙyanƙyasa. Kada wani ya ji wannan ya ajiye gidan sauronsa. A ci gaba da kwana a ciki kowane dare, a ɗinke inda ya yage, domin ko maganin ya yi rauni, ragar tana tsarewa.

Gubar kuma ba ƙwaro kaɗai take samu ba. A daminar 1999 zuwa 2000, maganin auduga mai suna endosulfan ya kashe aƙalla mutum 37 a yankin Borgu, kafin gwamnatin Benin ta hana shi a 2008. Har yau akwai mai ɗaukar ragowar maganin auduga ya fesa wa albasa da tumatir da wake. Wannan ba daidai ba ne, kuma 'ya'yanmu ne ke cin abin.

Ba na ce a daina feshi kwata-kwata ba. Akwai ranar da ɓarna ke kaiwa inda ba makawa. Roƙona ga manoma shi ne a duba kafin a fesa. Ka shiga gonarka da sassafe, ka tsaya a wurare biyar, a kowane wuri ka buɗe zuciyar masara goma. Ƙwan da ka gani a bayan ganye ka murje shi da yatsa. Tsutsar da ka tarar ta bushe, ko da wasu 'yan fararen ƙunshi a gefenta, ka bar ta, abokanka ne ke aiki. Ƙwaron da ba ka gane ba, ka sa shi a kwalba ka kai wa malamin gona. In feshi ya zama dole, a yi shi da yamma bayan zuma ta koma gida, da maganin da aka yi don wannan shuka, a rufe hanci da baki, kada kuma a wanke famfo a kogi ko a hanyar ruwan shinkafa. Iyaye mata, kada a sayi farar da aka tsinto a gonar da aka fesa.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya ji, don Allah ya gaya wa maƙwabcinsa na gona. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana 'ya'yanmu daga zazzaɓi.